Ramuka Uku a Fakon Gonar Baba

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Jiya aka kwashe karan gero na ƙarshe, yau gona ta buɗe tun daga bakin burtali har gindin gawo. Bayan sallar asuba na kama hanyar Daura, kafin rana ta yi zafi na taka wurin sau biyu, ba tef ba littafi, hannuna a baya kawai.

Gonar gado ce, eka goma sha biyu. Eka biyar na gefen arewa fako ne da jigawa, tun Baba na da rai ko an zuba taki gero ba ya wuce gwiwa. Wannan ɓangaren ne Yaya da ƙannena suka yarje mini in yi abin da ya daɗe yana raina: ramuka uku na wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, domin yaran ƙauyen nan su koya ba tare da biyan ko sisi ba. Ina ɗan shekara goma sha biyu na fara ɗaukar jakar sanduna a Kaduna, kadi ake ce mana. Daga baya na shekara talatin ina aikin safiyo. Buga ƙwallon bai taɓa cin raina kamar yadda tambaya ɗaya ta ci shi ba: wa ya ce rami ya zauna a nan, ba can ba?

Malamina a wannan aiki ya rasu tun Sarki Dikko na kan gadon Katsina. Sunansa Alister MacKenzie, likita ne da ya ajiye allura ya koma tsara filayen golf. Zan riƙa rubuta abin da muka yi a fili, da abin da na ɗauko daga rayuwarsa, saboda yaran da za su gaji wurin su san inda aka samo.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kawu ya zo a kan jakinsa. Ya daɗe yana kallon turakun da na kafa kafin ya yi magana.

"Ɗan nan, hilin da ba ya ba da hatsi, mi zai ba ka?"

Na ce masa, Kawu, ai wasan nan ma a irin wannan ƙasa aka haife shi. A gaɓar tekun Sikotilan akwai tudun yashi tsakanin ruwa da gonaki, ba ya nomuwa, sai tumaki da zomaye ke kiwo a kai. A nan mutane suka fara bugun ƙwallo da sanda. Tsohon filin St Andrews haka yake, ba wanda ya zana shi a takarda. Iska da dabbobi da ƙafafun mutane ne suka siffanta shi. Da ramuka 22 ake bugawa, a 1764 aka mayar da su 18, duniya kuma ta bi. Har gobe ranar Lahadi, in ba gasa ake yi ba, ba a wasa a wurin, mutanen gari ne ke fita yawo da iyalinsu. MacKenzie ya ɗauki wannan fili a matsayin makarantarsa, ya bi shi tudu-tudu ya auna, ya fitar da taswirarsa a 1924.

Kawu bai ce uffan a kan wannan ba. Sai ya sauka, ya tafi wajen turken da na kafa na dandalin rami na farko, wato lallausan wurin da ramin ke zama a tura ƙwallo ciki, ya soka sandarsa a ƙasa.

"Nan in watan takwas ya yi, ruwa har idon sawu yake kwana uku. Ubanka ya sani, shi ya sa bai taɓa shuka gyaɗa nan ba."

Na'urar awona ta nuna mini gangara, amma ba ta gaya mini cewa ƙarƙashin yashin akwai laka mai riƙe ruwa ba. Na cire turken, na matsar da shi yadi ashirin gabas, kan wani ɗan tudu kusa da tsohon suri. Na roƙi Kawu ya zagaya da ni duka wurin, ya nuna mini inda ruwa ke bi da inda yake kwana. Muka yi har la'asar. Taswirar da na shafe wata biyu ina zanawa a gida, rabinta ya tashi.

Asabar, 7 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai, hazo ya rufe har ba a hango gawo daga bakin burtali. Tsarin ya zauna yanzu: rami na ɗaya yadi 110, na biyu yadi 255, na uku yadi 140, kuma na ukun yana dawowa kusa da inda aka fara. Daga kowane dandali zuwa mafarin na gaba, wato inda ake tsayawa a yi bugun farko, bai wuce taku ashirin ba.

Makon nan muka haƙa tarkon yashi na farko, wanda kadi ke kira banka. Ni na ja igiya, na fitar da shi kusurwa huɗu cif kamar yadda hannun safiyo ya saba. Da aka gama na koma mafari na duba, sai gabana ya faɗi. Abin ya fito kamar ramin kwaɓa ƙasar gini, kowa ya gani ya san shebur ne ya yi shi.

Da dare na koma kan tarihin Likita. An haife shi ranar 30 ga Agusta, 1870, a Normanton kusa da birnin Lidis a Ingila, mahaifinsa likita ne ɗan Sikotilan. Ya yi karatu a Kambirij, ya zama likita, aka tura shi Afirka ta Kudu a yaƙin da Ingila ta yi da Turawan Bowa daga 1899 zuwa 1902. Abin da ya gani can ne ya juya rayuwarsa. Bowa manoma ne, sun san ƙasarsu kamar tafin hannu. In sun haƙa ramin ɓuya, sai su baza ƙasar da suka fitar ta bi siffar tudun da ke wurin, su bar ciyawa a kai, sojan Ingila ya taho bai ga komai ba sai ya ji harsashi. Likitan da ke ɗinke raunukan ya riƙa tambayar kansa yadda mutum zai yi aiki a ƙasa har ido ya kasa gane hannu ya taɓa ta. Da yaƙin duniya na farko ya zo, fannin ɓad-da-kama ya koma, yana koya wa sojoji yadda ake ɓoye ramuka.

Wannan idon ne ya kawo cikin golf. A 1907 shi da abokansa suka kafa kulob ɗin Alwoodley a wajen Lidis, ya tsara filin, aka kira Harry Colt, wanda ya riga shi suna a sana'ar, ya duba aikin. Moortown ya biyo baya a 1909. A 1914 ya ci gasar zanen rami da wata mujalla ta shirya, sunansa ya fita. A ɗan littafin da ya buga a 1920 ya jera ƙa'idoji 13, kuma wadda ta fi zama mini ita ce: duk abin da aka gina da hannu ya zama baƙo ba zai iya bambanta shi da halitta ba.

Washegari na ɗauki samarin nan uku da ke mini aiki, muka gangara kwarin da ke bayan gona. Na ce su dubi yadda ruwa ya ci gaɓa: nan ya shiga ciki, can ya bar harshe, sama ta ɗan rufo da saiwoyin sabara a rataye. Muka dawo muka rushe kusurwoyin da fartanya. Kwana biyu muka ƙara, amma yanzu in ka tsaya a mafari sai ka ce damina ce ta yi shi.

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Maganar dandali ta hana ni barci. Korayen dandamalin da ake gani a talabijin ruwa suke sha kullum, mu kuwa ruwan sama wata huɗu ne in Allah ya kawo, kuma ba ni da kuɗin burtsatse. A Kaduna lokacin ina yaro yashi ake cuɗawa da baƙin mai a shimfiɗa, wani yaro ya ja buhu ya lallashe hanya kafin a tura ƙwallo. Har yanzu ina jin warinsa a hancina. Amma rijiyar da mutanen ƙauye ke sha ba ta fi yadi sittin daga rami na uku ba. Ba zan zuba baƙin mai a ƙasar Baba ba.

Gwaggo ce ta warware mini. Ina ba ta labari a tsakar gida tana tankaɗe, sai ta ce, "Kai da kake son ƙasa mai tauri, mai santsi, wadda ruwa ba ya ci, ba daɓe kake nema ba?"

Na yi shiru. Ɗakin kakarmu daɓe ne, ya fi shekara arba'in bai fashe ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau aka yi daɓen dandali na ɗaya. Tun kwana huɗu aka jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa da muka saro a kasuwa, a cikin manyan randuna biyu, ruwan ya yi ja-ja-baƙi kamar shayin da ya kwana. Samari suka shimfiɗa jar ƙasa da tsakuwa kauri kamu ɗaya, da'ira mai faɗin yadi takwas. Da hantsi Gwaggo ta iso da mata goma sha ɗaya, kowace da madaɓinta.

Ban taɓa tsayawa na kalli daɓe da idon aiki ba sai yau. Suna jere a durƙushe, guda na ba da waƙa saura na amsawa, madaɓai na sauka tare, tim, tim. Yarinya na bi da ƙwarya tana yayyafa ruwan makuba a gabansu. Da farko ƙasar tana lotsawa, tsakuwa na tsalle. Can sai sautin ya canza, ya koma kau, kau, fuskar ƙasar ta fara sheƙi. Gwaggo ba ta duban komai sai kunne. In ta ji wani wuri na amsawa kamar ganga sai ta ce a koma, akwai iska a ciki. Na ce mata ina son gefen yamma ya ɗan fi tsawo, ruwa ya zurare ta gabas. Ta shafa da tafin hannu ta ce a ƙara ƙasa kwano uku a nan. Da na ɗora na'ura daga baya, abin da ta ce ɗin ne.

In ya bushe za a baza yashi tankaɗaɗɗe kaurin yatsa ɗaya a kai, a riƙa yayyafa ruwa da jan buhu kafin wasa. Ramin kansa doka ta ƙayyade faɗinsa, inci huɗu da kwata, wato milimita 108, zurfi kuma kada ya gaza inci huɗu. Na kai awon wajen mai walda ya yanko mini bututu uku.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai. Tifar yashin da na biya tun makon jiya ta zo da rabi ƙasa rabi tsakuwa, ba abin da muka yi ciniki ba. Na bar ta don cikon mafari, muka koma ɗebo yashin kwari da amalanke muna tacewa da rariya. Ya fi wahala, amma launinsa ɗaya da na gonar.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi, aiki ya tsaya sai bayan la'asar. Mun gwada dandali na biyu, gangararsa ta yi yawa, ƙwallo ba ta tsayawa. Sai an fasa gefe ɗaya an sake. Likita ma ya taɓa yin haka a filin Sitwell Park na Ingila kafin yaƙin duniya na farko, ya yi dandamali masu tudu da kwari har 'yan kulob suka sa aka baje su.

Ƙafata ta kumbura, kwana tara ban je ba. Ɗan ƙanwata ne ke riƙe da aikin, yana aiko mini da hoto ta waya. Na ga ya ɗan karkatar da bakin tarko na biyu ba yadda na zana ba. Na ɗaga waya zan yi faɗa, sai na sake duban hoton, na ga nasa ya fi. A ƙarshen 1926 MacKenzie ya je Ostireliya, bai fi 'yan makonni ba, ya tsara filin yamma na Royal Melbourne, ya ba da shawara a Kingston Heath da wasu wurare. Ya gina rami guda tare da mutanen wurin don su ga abin da yake nufi, sannan ya bar aikin a hannun Alex Russell da mai kula da fili Mick Morcom, wanda ya yi shi da doki da garma. Sai 1931 aka gama, Likita bai sake taka ƙasar ba, kuma har yau ana lissafa filin cikin mafi kyau a duniya. Na rubuta wa yaron: "Bar shi haka, Allah ya yi maka albarka."

Litinin, 14 ga Afrilu

Daren jiya ni da ɗan ƙanwata muka zauna a ƙofar gida da waya ɗaya muna kallon ranar ƙarshe ta gasar Masters, babbar gasar golf da ake yi a filin Augusta na Amurka, har bayan sha biyun dare, lokacin da Rory McIlroy ya doke Justin Rose a ramin raba gardama. Yaron yana kallon 'yan wasa, ni ina kallon ƙasa. Na ce masa filin nan na Augusta aikin mutumin da nake ba ka labari ne.

Hanyar da ta kai shi can tana da ban mamaki. Wata mata ce, Marion Hollins, zakarar matan Amurka ta 1921, ta ba shi aikin Cypress Point a gaɓar Kalifoniya bayan mai tsarin farko, Seth Raynor, ya rasu a 1926. Aka buɗe shi a 1928, da raminsa na 16 da ake bugo ƙwallo ta saman teku. A 1929 Bobby Jones, gwanin zamanin, ya zo gasa a Pebble Beach aka fitar da shi tun zagayen farko. Da ya sami kwanaki ba abin yi, sai ya buga Cypress Point da Pasatiempo, duka aikin Likita. Da ya ajiye gasa a 1930 yana ɗan shekara 28, ya tashi gina filin kansa na Augusta a jihar Jojiya, Likita ya kira. Wurin tsohuwar gonar baba ce, irin wanda marina ke amfani da shi, daga baya ta zama lambun renon itatuwa. Shi ya sa kowane rami ke da sunan wata bishiya ko fure. Suka yi hanyoyi masu faɗi, tarkon yashi ashirin da 'yan kai kacal, ta yadda mai koyo zai gama wasansa da ƙwallo ɗaya, gwani kuma ya yi gumi kafin ya sami maki. Likita kansa ba gwanin bugu ba ne, ina ganin shi ya sa bai taɓa manta da mai rauni ba.

Ƙarshen labarin ne ke sosa mini rai. Lokacin tattalin arzikin Amurka ya karye, kulob ɗin bai sami mambobi ba. Ladan da aka yi da shi dala 10,000 aka rage zuwa 5,000, abin da ya shiga hannunsa dala 2,000 ne. Ya yi ta aika wasiƙu yana roƙon haƙƙinsa. Ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1934, a Santa Cruz, inda gidansa yake a gefen filin Pasatiempo, wata biyu da 'yan kwanaki kafin gasar farko da aka yi a watan Maris. Bai ga filin a kammale ba.

Na kwanta da wannan a zuciya. Samarin nan uku suna bina kuɗin mako biyar, kullum ina cewa sai fansho ya shigo, su kuma kunya ta hana su tambaya. Da safe na kai ragon da nake turkawa don layya kasuwa. Kafin azahar kowa ya karɓi nasa, har da cikon ladan matan daɓe.

Asabar, 21 ga Yuni

Ruwa ya zauna. Mun bi bakin fadama mun ciro kirikiri da saiwarsa, muna dasawa taku ɗaya-ɗaya a hanyar rami na ɗaya da na uku. Manomi na ganinta a matsayin annoba, amma danginta ne ake shukawa da kuɗi a filayen golf na ƙasashe masu zafi, saboda tana yaɗo, tana jure tattaki, in rani ya yi ta bushe ta jira.

Na je gaida Ardo a rugarsa. Na gaya masa ba zan sa waya ba, burtali na nan yadda yake. Muka yi magana: tumaki su shigo da safe su yi mana aski, shanu kuwa a bi da su ta gefe saboda kofato. Ya ce in yara za su yi wasa a ɗaga tuta a kan gawo, makiyaya za su gane.

Asabar, 9 ga Agusta

Ruwan daren Talata ya gwada mu. Inda Kawu ya soka sanda ya zama tafki, dandali na ɗaya kuwa yana kan tudunsa lafiya lau, yashin kawai ya tafi, daɓen ko tsagewa bai yi ba. Na biyu ne ya ji jiki: ruwa ya biyo ta bayan suri ya ci gefensa kamu uku. Sai bayan damina za a gyara, a fara yanka masa magudana. Na uku har yanzu ba a daɓe shi ba, a kan yashi zalla ake bugawa.

Ƙarangiya ta fara kai a gefen rami na biyu, kyasuwa kuma ta kai ƙugu. Ƙwallaye goma sha huɗu muke da su, tsofaffi da wani abokin kadi ya aiko daga Kaduna, biyar sun ɓace cikin mako biyu. Cikin ƙa'idojin Likita akwai wadda ta ce kada a bar mai wasa yana ɓata lokaci da rai wajen neman ƙwallo. Da na ɗauke ta ƙarama, sai da na ga yaro ɗan shekara tara yana kuka cikin ciyawa, ƙarangiya ta cika masa wando, yana tsoron a ce shi ya ɓatar. Gobe za mu shiga da lauje, mu faɗaɗa hanyar yadi goma kowane gefe, ciyawar a kai wa Ardo.

Yara goma sha bakwai suka zo yau, sanduna huɗu ake karɓa-karɓa. Jikar Kawu, wadda ke kawo masa fura, ta tsaya a gefe tun makon jiya tana kallo. Yau na miƙa mata sanda. Bugu na uku ƙwallon ta tashi, ta tsallake tarkon, ta faɗi bakin dandali ta gangara. Kawu na zaune a gindin gawo, ya tambaye ni ko ramin yashin nan dama can yana wurin, don shi bai tuna da shi ba. Na ce masa mu muka haƙa a watan sha biyu. Ya tashi ya je ya leƙa, ya taɓa bakinsa da sanda.

Abin da ya rage kafin kaka: magudanar na biyu, makuba buhu biyu don daɓen na uku, a yanke sanda biyu su dace da tsawon ƙananan yara, a kuma samo randa a ajiye a gindin gawo don ruwan sha.